Daga Soson Teku Zuwa Ganyen Dawa: Yadda Ake Gano Sabon Magani

A wannan fitowa ta mujallarmu ta bango, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta zaɓi ta yi bayani a kan inda magungunan asibiti suke samo asali. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka a masana'anta ake ƙirƙiro ƙwaya da allura tun daga tushe. Gaskiya ne a can ake haɗa su, amma asalin da dama daga cikinsu wata halitta ce da Allah Ya ajiye a daji, ko a gona, ko a cikin ruwa. Za mu ɗauki misalai biyu. Na farko soson teku ne, wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba, tunda tsakaninmu da teku tafiyar yini guda ce a mota. Na biyu kuwa ganyen dawa ne, amfanin da muke nomawa daga Funtuwa har Malumfashi, da Bakori da Ƙafur da Ɗanja. Idan muka jera labaran biyu za mu ga hanya ɗaya suka bi, kuma hanyar tana da darasi gare mu.

Mene ne soson teku?

Soson da muka sani na wanka da wanke-wanke tsiro ne mai yaɗo, yana hawa danga ko bishiya, idan 'ya'yansa suka bushe sai a ɓare su a yi amfani da saƙar da ke ciki. Soson teku kuwa dabba ne, ko da yake wanda ya gan shi zai rantse tsiro ne. Ba shi da kai, ba shi da ƙafa, ba ƙwaƙwalwa, ba zuciya. Yana manne da dutse a ƙarƙashin ruwa, a nan yake girma har ya mutu. Jikinsa duk ƙananan ƙofofi ne kamar rariya. Ta nan yake zuƙo ruwa, ya tace 'yan mitsi-mitsin halittun da ke ciki ya ci, sannan ya fitar da ruwan ta wata babbar ƙofa. Masana sun san ire-irensa sama da 8,000, wani ja, wani ɗorawa, wani kamar tulu, wani kamar reshen ice.

Abin da ya ja hankalin masana kimiyya shi ne yadda wannan halitta take rayuwa. Jikinta taushi ne, kifaye na kewaye da ita, ƙwayoyin cuta na ratsa ta dare da rana tare da ruwan da take zuƙa, ga shi ba ta iya gudu ko cizo. Da aka bincika sai aka tarar da sinadarai take kare kanta. Wasu masu ɗaci ne da ke sa kifi ya tofar, wasu suna kashe ƙwayoyin cuta, wasu kuma suna hana wata halitta ta tsiro a jikinta ta danne ta. An kuma gano cewa da yawa daga cikin waɗannan sinadarai ƙananan halittun da ke zaune a cikin soson ne suke yin su, shi ya ba su masauki, su kuma su ba shi makami.

Mu ma muna da irinsu a gona

Tsirrai ma ba sa gudu, saboda haka irin wannan kariya suke da ita. Kowane makiyayi ya san idan saniya ta afka wa ƙaramar dawa ko gyauro, musamman lokacin fari, tana iya faɗuwa ta mutu nan take. Dalili shi ne ƙaramar dawa tana ɗauke da wani sinadari da ke rikiɗa ya zama guba da zarar an tauna ganyen. Haka nan jan tabon da muke gani a ganyen dawa idan cutar fumfuna ta kama shi, sau da yawa sinadari ne da dawar ta tara a wurin don ta tare cutar. Dangin wannan jan launi ne ya cika jikin karan dafi, wanda ake rina jar fata da shi.

Ku duba ganyen auduga da kyau, za ku ga ƙananan ɗigo baƙaƙe. Suna nan a cikin angurya ma. Waɗannan ɗigo ma'ajiyar wani sinadari ne da ake kira gosifol, wanda ke korar ƙwari. Manyan shanu suna jure shi gwargwado, shi ya sa ake ba su angurya, amma yana cutar da kaji idan ya yi yawa. Ganyen bedi da manoma ke sa wa a rumbu don gudun ƙwari, da farin ruwan tunfafiya, da ɗacin ɓawon maɗaci, duk makamai ne na halittar da aka dasa a wuri ɗaya. Sinadarin da ke iya kashe ƙwayar cuta ko ya tsayar da girman wata halitta, shi ne irin wanda mai neman sabon magani yake farauta.

Magunguna biyu daga teku

A farkon shekarun 1950, wani masanin sinadarai a Jami'ar Yale ta Amurka mai suna Werner Bergmann ya ba da rahoton wasu sinadarai da ya ciro daga wani soso na ruwan Karebiyan. Sun yi kama da tubalan da jiki yake gina ƙwayar gado da su, wato DNA, sai dai akwai ɗan bambanci a irin sukarin da ke jikinsu. Wasu masana suka ɗauki wannan haske suka haɗa makamancinsu a ɗakin gwaje-gwaje a shekarar 1959, aka sa masa suna sitarabin. Yadda yake aiki shi ne, ƙwayar cutar sankara tana hayayyafa da sauri, kullum tana neman tubali. Sai ta ɗauki wannan na jabu ta sa a gininta, ginin ya tsaya cak. A shekarar 1969 aka amince a yi amfani da shi a Amurka don maganin sankarar jini. Har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yara da manya da dama sun rayu ta sanadinsa.

Labari na biyu daga Japan ya fito. A shekarar 1986, masana biyu, Yoshimasa Hirata da Daisuke Uemura, suka bayyana wani sinadari mai suna halikondirin da suka samu a jikin wani baƙin soso na gaɓar tekun ƙasarsu. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana hana ƙwayoyin sankara rabuwa gida biyu. Matsalar ita ce ƙarancinsa. Da aka kwaso tan guda na wani soso mai ɗauke da shi daga tekun Niyu Zilan, abin da aka tace bai wuce miligiram 300 da 'yan kai ba. Tan guda nauyin buhun masara goma ne masu kilo ɗari-ɗari, ƙwayar farasitamol guda kuwa miligiram 500 ce. Ke nan buhu goma bai ba da nauyin maganin da ke cikin ƙwaya ɗaya ba. Da an ce da soson za a dogara, da an share teku ba a wadatar da asibiti ɗaya ba.

Mafita ta zo daga ɗakin gwaje-gwaje. A shekarar 1992, Farfesa Yoshito Kishi na Jami'ar Harvard da ɗalibansa suka iya haɗa sinadarin ba tare da soso ba. Daga nan aka gano ɓangaren jikinsa da ke yin aikin, kamfanin Eisai na Japan ya gina magani a kansa mai suna eribulin, wanda haɗa shi ke ɗaukar matakai sama da 60. A shekarar 2010 aka amince da shi don masu sankarar mama da ta yi nisa. Daga 1986 zuwa 2010 shekara 24 ke nan. Jaririn da aka haifa ranar da aka gano sinadarin ya isa gama jami'a kafin maganin ya shiga asibiti.

Namu na gida: ganyen dawa da ciwon sikila

Da wuya a samu aji a makarantarmu da babu wanda ya san mai ciwon sikila, wanda iyayenmu ke kira amosanin jini. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna bin ƙananan jijiyoyi ba tare da wahala ba. Na mai sikila kuwa sukan lanƙwashe su yi kamar lauje, su maƙale su toshe hanya. Wannan toshewa ce ke kawo azabar ciwon ƙashi da gaɓoɓi da muke gani idan ciwon ya tashi. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa ba ta cika wuce kwana 20 ba, shi ya sa jininsu ke yawan ƙaranci. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo. Ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne ana haifar jarirai kimanin 150,000 da shi duk shekara a ƙasar nan.

A farkon shekarun 1990, Cibiyar Bincike da Bunƙasa Magunguna ta Ƙasa da ke Idu a Abuja, wadda aka fi sani da NIPRD, ta samu labarin wani mai maganin gargajiya a Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, wanda ke ba masu sikila wani haɗi. Cibiyar ta ƙulla yarjejeniya da shi a rubuce, ya bayyana abin da ke cikin haɗin, masana a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Wambebe suka shiga aiki. Tsirrai huɗu ne a ciki: masoro, da kanumfari, da ganyen dawa, da wani icen kurmi da Yarbawa ke kira osun, ɗan'uwan madobiyarmu. Uku daga cikinsu babu gidan da ba a san su ba a ƙasar Hausa. Sunan da aka sa wa maganin shi ne Niprisan.

Masanan sun gwada shi a kan jinin masu sikila a ɗakin gwaje-gwaje, suka gwada a kan dabbobi don su ga ko yana da guba, suka tsayar da ma'auni yadda kowane kafso zai zama daidai da ɗan'uwansa. A shekarar 1998 aka ba su takardar mallakar fasaha a Amurka, kuma sunan Rabaran Ogunyale yana cikin waɗanda aka rubuta a matsayin masu ƙirƙira. Daga nan sai gwaji a kan mutane. An ɗauki masu sikila 82, wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su kafso mai kama da shi wanda babu magani a ciki, bayan wata shida aka yi musanya. Majinyacin bai san wanne yake sha ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Ana yin haka ne don kada fata ko son rai ya shiga cikin sakamako, domin mutum yakan ji sauƙi don kawai ya yarda an ba shi magani. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna raguwar tashin ciwon mai tsanani ga masu shan maganin. Ba ya warkar da sikila, rage yawan tashinta yake yi, kuma masanan da suka sake nazarin gwajin daga baya sun ce ana buƙatar wasu gwaje-gwajen a kan mutane masu yawa.

Bayan kimiyya sai kasuwa, kuma a nan aka yi tuntuɓe. An ba wani kamfanin Amurka mai suna Xechem lasisin sarrafa maganin a 2002, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a Abuja a 2006. Kamfanin ya durƙushe a 2008, aka janye lasisin a 2009, maganin ya yi wuyar samu shekara da shekaru, iyayen da suka saba saya wa 'ya'yansu suka rasa. Sai a 2018 cibiyar ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Nijeriya, wanda ya fito da shi da sunan Niclovix.

Abin da labaran suka koya mana

Darasi na farko shi ne kada mu raina ilimin tsofaffi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Da masanan Abuja sun yi wa mai maganin Oyo dariya, da ba a samu Niprisan ba. Haka nan maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau a asibiti ya samo asali ne daga wani tsiro na ƙasar Sin, dangin tazargade, wanda wata masaniya mai suna Tu Youyou ta ciro sinadarinsa a 1972 bayan ta duba tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu. An ba ta kyautar Nobel a 2015.

Darasi na biyu shi ne, kasancewar abu daga daji ko gona bai sa ya zama marar illa ba. Mu tuna waɗannan sinadarai makamai ne tun asali. Gosifol na angurya misali ne. A shekarun 1970 an gwada shi a kan dubban maza a ƙasar Sin a matsayin maganin tazarar haihuwa. Ya yi aiki, amma ya rage wa wasu gishirin fotashiyam na jiki har suka raunana, wasu kuma haihuwar ba ta dawo musu ba bayan sun daina sha. Dole aka ajiye shi. Mafi yawan sinadaran da ake cirowa daga soso ko tsiro haka suke ƙarewa, kaɗan ne ƙwarai ke tsallake gwaji.

Saboda haka kada wani ya karanta wannan bayani ya je gida ya dafa masoro da kanumfari da ganyen dawa ya ba ƙaninsa mai sikila. Abin da ya mayar da haɗin magani shi ne ma'auni da gwajin da aka yi masa. Mai sikila ya riƙa zuwa asibiti, ya sha ruwa da yawa, ya kwana cikin gidan sauro, ya guji sanyi da wahala mai tsanani. Haka kuma mu yi hattara da masu tallar magani da lasifika a tasha da ranar kasuwa, waɗanda ke cewa jarka ɗaya tana maganin basir da shawara da hawan jini da ciwon suga. Babu wanda ya auna abin da ke ciki, kuma hanta da ƙoda ne ke ɗaukar nauyin duk abin da muka haɗiya. Ko lambar hukumar NAFDAC da ke jikin wasu magungunan gargajiya, yawanci tana nufin an duba ba a ga alamar cutarwa ba ne, ba ta nufin an tabbatar da duk abin da mai tallar ya faɗa.

Rigakafin sikila kuwa yana hannunmu. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Gwajin jinotayif ba ya ɗaukar lokaci, kuma gara mutum ya san nasa tun yana makaranta da ya sani bayan an sa rana.

Darasi na uku shi ne a kiyaye tushen. Masanan da suka yi aikin halikondirin sun gane kwasar soso ba za ta kai su ko'ina ba, suka nemi wata hanya. Mu kuwa dubi yadda ake yi wa maɗaci da marke a bakin hanyoyinmu. Mai neman sassaƙe yakan kewaye gindin ice ya ɓare ɓawon duka. Ta cikin ɓawon ne abincin da ganye ya sarrafa yake sauka zuwa saiwa, idan aka yanke shi zagaye icen bushewa zai yi. Ga masu gawayi da masu faskare, ga gonaki suna cinye saura da fadama. Icen da ya ƙare kafin a bincike shi, ba za mu taɓa sanin abin da ke cikinsa ba.

Aikin da za mu iya yi

Sunayen tsirranmu ma suna ɓacewa daga bakunanmu. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa ya buga su a littafi tun 1916. Wani Ba'amurke, Lewis Wall, ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi yana nazarin maganin Hausawa, littafinsa ya fito a 1988. Baƙi sun ga darajar abin har sun rubuta, alhali da yawa daga cikinmu ba ma iya bambance sabara da geza idan aka kai mu daji.

Ƙungiyarmu tana ba da shawarar kowane ɗalibi ya yi wannan aiki a hutun da ke tafe. Ka sami kaka ko wani dattijo, ko unguwarzoma, ko makiyayi, ka gaishe shi da ladabi ka nemi ya nuna maka tsirrai biyar da ake magani da su. Ka rubuta sunan tsiron, da inda yake fitowa, da ɓangaren da ake amfani da shi, da ciwon da ake cewa yana yi wa magani. Ka tambayi sauran sunayensa, domin abin da mu Katsinawa ke kira bedi, Bakano darbejiya yake ce masa, wasu kuma dogon yaro, kuma irin wannan saɓani yana sa a ɗauki wani tsiro a madadin wani. Ka tsinko reshe ɗaya mai ganye, da fure idan akwai, ka shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ka danne da littattafai har ya bushe. Kada ka ɗanɗana komai. Ka rubuta sunan wanda ya ba ka bayanin, da izininsa, kamar yadda aka rubuta sunan mai maganin Oyo. Idan ya ce wani abu sirrin gidansu ne, ka bar masa abinsa.

Irin wannan busasshen samfuri ne ake ajiyewa a ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, nan kusa da mu, inda masu bincike ke kai tsiro a tabbatar musu da sunansa na kimiyya kafin su fara aiki a kansa. A jami'ar akwai tsangayar koyon haɗa magunguna, akwai kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke aiki a kan dawa da auduga. Ɗalibin da ke sha'awar shiga wannan fage, ya riƙe kemistiri da bayoloji da fiziks da lissafi da kyau tun daga aji huɗu.

Duk wanda ya kammala nasa aikin ya miƙa wa malamin bayoloji ko wani ɗan ƙungiyarmu a makon farko na dawowa hutu. Za mu tace su tare da malamanmu, mu liƙa waɗanda suka fi tsari a wannan allo da sunayen masu su, sauran kuma mu haɗa su a ajiye a laburare don 'yan baya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.